Shagon kayan kiwo na gefen Kasuwar Dole, ga wanda aka bar wa amanar zomo

Shagon ba shi da suna a rubuce. Zanen kaza da zomo ne kawai a jikin ƙofar, shi ma fentin ya koɗe har zomon ya fi kama da akuya. Masu kiwon kaji a Damagaram sun san wurin, can suke sayen dusa da abincin ƴan tsaki da mazubin ruwa. Ni bazarar nan ce ta kai ni, da yayana ya kwashi iyalinsa zuwa Yamai na wasu makonni, ƴarsa ta kawo mini zomonta a kwali tana sharar hawaye, wai "Gwaggo, don Allah kar ki bari ya mutu." Ga mai sauri, ra'ayina shi ne: harawarsu mai kyau ce, dattijon da ke da shagon ya san zomo, kejinsu bai dace da zafin garinmu ba, yaron shagon kuwa kar a karɓi magani a hannunsa.

Zomon nan ba na kiwo ba ne. Yana da suna, Auduga, kuma ƙarƙashin gadon yarinyar yake kwana. Zomon gida in ya samu kulawa yana kai shekara 8, wani har 12, don haka ba dabbar da za a ce "in ya mutu a sayo wani fari irinsa" ba ce, ko da yake abin da maƙwabtana suka ce ke nan, wata ma har da tayin kawo yaji. Na faɗi wannan ne don a gane dalilin da ya sa dattijon ya burge ni tun farko: bai yi dariya ba. Da na ce masa amana ce, sai ya ajiye mudun da ke hannunsa ya jawo mini benci.

"Hajiya, a gidansu me yake ci?"

Na lissafa masa abin da aka gaya mini. Bai gamsu ba, ya ce in kira uwar gidan nan take yana tsaye. Ya sa na tambaye ta da me zomon ke shan ruwa, kwano ko kwalba, ƙarfe nawa ake ba shi ganye, ko ya taɓa yin zawo, ko an taɓa yi masa allura. Da ta gama bayani ya ce, "To abin da ya saba shi za ki ci gaba da ba shi, ko da ni na san wanda ya fi shi."

Wannan magana ita ce mafi amfani cikin duk abin da na samu a shagon, kuma kyauta ce. Cikin zomo ba kamar na kyanwa ko kare ba ne. Akwai wata babbar jaka a hanjinsa cike da ƙananan halittu masu narkar da ciyawa, kuma sun saba da abin da suka saba. In aka sauya abinci rana ɗaya sai su rikice, ciki ya kumbura ko zawo ya kama shi. Ga shi zomo ba ya iya amai, abin da ya shiga ya shiga. Sauyin gida kaɗai ya ishe shi firgici, ba sai an ƙara masa da sauyin abinci ba. Duk sabon abu kaɗan-kaɗan ake shigar da shi, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Na nuna masa wani buhun abincin kamfani da na gani a kusurwa, ya ce na kaji ne, ba shi da kaushin da cikin zomo ke so, in bar shi. Ɗan kasuwar da zai hana ka sayen kayansa ba kullum ake gamuwa da shi ba.

Harawa ita ce ainihin abin da zai sa in koma. Suna da ta gyaɗa da ta wake, sai busasshiyar ciyawar daji a buhu. A cikin ɗaki suke ajiye ta, bisa katako, ba a rana ba, shi ya sa har yanzu da sauran korenta, ganyen bai kakkaɓe ya bar kara zalla ba. In ka tura hannu tsakiyar damin ba za ka ji damshi ko warin ruɓa ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin harawar da ta yi hunhuna tana iya kashe zomo, kuma daga waje ba a ganewa. Dattijon da kansa yake buɗe damin ya ce ki shinshina. Ciyawar kuma an tsince ƙarangiya a ciki gwargwado. Na samu kaɗan, amma ba irin wadda ake jibgewa a bakin hanya don raguna ba, wadda sai ka sa hannu ka yi da-na-sani.

Ƙullin harawar gyaɗa dala 150 na saya, wato sefa 750, buhun ciyawa jaka 1 da rabi. Ya fi na bakin hanya tsada, kuma da Layya ta matso ya ƙara kuɗi, don a lokacin kowa na neman abin da zai ba ragonsa. Zomo ɗaya dai ba ya cin abin kirki, ƙulli guda yana daɗewa. Shawararsa ita ce ciyawa ta fi yawa, harawa ta zama ƙari, saboda harawar gyaɗa da ta wake suna da sinadarin gina jiki da gishirin ƙashi, wato kalsiyam, da yawa, babban zomo in ya dogara da su kaɗai sai ya yi ƙiba, fitsarinsa ya yi kauri fari. Auduga ya saba da harawa, sai na riƙa cuɗa masa ciyawar a ciki sannu a hankali. Kuma kada gabansa ya rabu da ciyawa dare da rana, don kusan kashi 80 cikin 100 na abincinsa ita ce. Haƙoran zomo 28 ne, kuma ba sa daina tsiro har ya mutu. Na gaba suna ƙaruwa da kusan milimita 2 a mako. Tauna ciyawa ce ke goge su. Wanda ake ba tuwo da biredi don ƙauna, haƙora za su yi masa tsawo su soki harshensa ya daina ci.

Ganye ba sa sayarwa, amma ya gaya mini wurin masu kawo na lambunan Mirriya da safe. Salati, ganyen karoti, ganyen dankalin Hausa, zogale kaɗan. A wanke, a baza a inuwa ruwan ya tsane kafin a ba shi. Ita karotin kanta zaƙi ce, ɗan yanki ya isa, ba abinci ba ce kamar yadda yara ke gani a talabijin. Shu, wato kabeji, shi ma kaɗan, yana sa iska a ciki. Albasa da tafarnuwa ko kusa. Abin da ya fi jan kunnena a kai shi ne yaran unguwa, domin da zarar sun ji akwai zomo a gida kowa zai zo da ganyen da ya tsinko a kango, kuma abin da ya fi yawa a kangwayen Damagaram tumfafiya ce, da zurman, da zaƙami, dukansu guba. Gaskiyarsa ce. Washegari na tare wani ɗan maƙwabta a zaure da ganyen tumfafiya cike da hannu, yana murna zai ciyar da zomo.

Yanzu keji. Suna bayar da haya, jaka 3 a wata, da ajiyar jaka 10 da za a mayar in an dawo da shi lafiya. Tunanin hayar yana da kyau, wanda zai riƙe dabba na ɗan lokaci ba ya buƙatar sayen na jaka 25. Amma kejin kansa na masu kiwon nama ne. Tsawonsa bai kai zomo ya yi tsalle biyu ba, tsayinsa bai isa ya miƙe a ƙafafun baya ba, ƙasan raga ce ta waya, rufin kwano. Tafin zomo gashi ne kawai ya rufe shi, ba shi da tsokar da kyanwa ke takawa da ita, in ya daɗe bisa waya diddigensa na yin gyambo. Rufin kwano kuwa a watan Afrilu, kowa ya san abin da yake yi wa ɗan Adam ma. Na faɗa wa dattijon, ya ce haka masu saye suke so, don kashi ya zube ƙasa ba sai an share ba. Na gane hujjar, ban karɓe ta ba. Abu ɗaya da zan yaba shi ne sakatar, mai ƙarfi ce, kuma idon ragar ƙanana ne, muzurun unguwarmu ya yi ta zagaye bai samu inda zai zura hannu ba. Na shimfiɗa katako a rabin ƙasan, na mayar da kejin wurin kwana kawai, da rana kuma na ware masa ɗakin da ya fi sanyi a gidan.

Zafi shi ne babban abokin gabar zomo a nan, ya fi muzuru, ya fi cuta. Zomo ba ya zufa irin tamu, da kunnuwansa yake fitar da zafin jiki. Yanayin da yake jin daɗi tsakanin digiri 15 ne zuwa 21, in ya haura 30 ya fara shiga haɗari. Mu kuwa a Afrilu da Mayu 40 ba labari ba ce. A nan ne ilimin dattijon ya fi fitowa, don bai ce mini in sa kilim ba, ya san za a ɗauke wuta da tsakar rana. Ya ce in samo tukunyar ƙasa ta Mirriya mai faɗin baki, ko randar da ta tsage aka daina amfani da ita, in kwantar da ita bisa yashi mai damshi a cikin ɗaki, in riƙa yayyafa wa bayanta ruwa. Ƙasar tana shan ruwan tana hucewa, cikinta ya yi sanyi, ga duhu, zomo kuwa asalinsa ɗan rami ne. Auduga daga hantsi yake shiga, ba ya fitowa sai bayan la'asar. Ban biya ko dala kan wannan dabara ba, randar ma a bayan ɗakina take.

Ƙari a kan haka, ƙanƙarar dala 20 a robar ruwa, a naɗe da tsumma a ajiye kusa da shi, in ya so ya jingina. A shafa masa ruwa a kunnuwa da hannu in sun yi zafi sun yi ja. Kada a tsoma shi a ruwa, kada a yi masa wanka, firgicin kaɗai na iya kashe shi, kuma gashinsa ba ya saurin bushewa. In an ga ya miƙe yana numfashi sama-sama, hancinsa ya jiƙe, musamman in ya buɗe baki yana haki, to abu ya ɓaci, domin zomo mai lafiya ta hanci kaɗai yake numfashi.

Kwalbar ruwa mai ɗan bututu da suke sayarwa jaka 1 da rabi, asarar kuɗi ce. Tana ɗiga, ƙwallon bakinta yana maƙalewa, kuma zomon da bai saba da ita ba zai zauna da ƙishi ruwa na gabansa. Yaron ne ya cusa ta cikin kayana yana cewa "Tanti, ta zamani ce." Kasko mai nauyi wanda ba zai iya kifarwa ba ya fi ta. Zomo mai kilo 2 yana iya shan kusan rubu'in lita a yini, da zafi ya wuce haka, kuma ruwan da ya ɗumama ba ya son sa, sai an riƙa sauyawa.

Yaron nan shi ne matsalar shagon. Ba shi da rashin kunya, yana da fara'a da saurin aiki, amma yana ganin duk dabba kaza ce. Wata safiya na lura Auduga bai taɓa ganyensa ba, yana ta girgiza kai yana sosa kunne, kashinsa kuma ya ragu ya yi ƙanana. Kashin zomo shi ne labarin lafiyarsa: ya zama mai yawa, mulmulalle, busasshe. In ya yi awa 12 bai ci ba ko bai yi kashi ba, ba a jiran gobe, don hanjinsa in ya tsaya da wuya ya tashi. Na je shagon, dattijon ya tafi jana'iza. Yaron bai ko tambaye ni alamomi ba, ya ɗauko kafson amoxicillin ya ce in buɗe in zuba a ruwan sha, haka suke yi wa kaji. Ya haɗo da maganin fesa ƙuma na karnuka. Amoxicillin da penicillin da danginsu in aka ba zomo ta baki suna kashe waɗancan ƙananan halittun hanjin, zawo mai kisa ya biyo baya. Maganin ƙuma mai fipronil shi ma guba ne ga zomo. Abu biyu masu kisa a leda ɗaya, da murmushi. Na ajiye masa kayansa na kira dattijon a waya.

Abin da ya yi ya ƙara masa daraja a idona. Bai kare yaron ba, bai kuma yi mini likitanci ta waya ba. Ya ce wannan ya wuce shago, in kai shi wurin likitan dabbobi, in ɗauke shi a kwali mai huji da rigar yarinyar a ciki, kuma in tafi kafin rana ta take. Ya ƙara da cewa, "Kafin a soka masa allura ki kira mai shi. Ba naki ba ne." Na kira yayana ya amince, muka yi maganar kuɗin magani a lokacin, ba a bar ta ta zama abin jin nauyi daga baya ba. Likitan ya leƙa kunnen ya ce ƙazuwar kunne ce, ya yi masa allurar ivermectin, ya ce a dawo a maimaita, kuma kada in ɓamɓare ɓawon da ke ciki, zai zube da kansa. Da yamma zomon ya koma kan harawarsa. Amma mutumin da ya zo shagon nan bai san komai ba, ya tarar da yaron shi kaɗai, zai koma gida da ajalin dabbarsa a leda. Dattijon ya kamata ya kulle maganin in zai fita, na kuma gaya masa haka a fuska.

Akwai wani abin da su biyun suke yi wanda ban so ba: ɗaga zomo ta kunne. Haka muka taso muna gani, amma kunne ba mariƙi ba ne, jijiyoyin jini ne cike da shi, kuma zomon da ke lilo yana harba ƙafa yana iya karya ƙashin bayansa da ƙarfin kansa. Hannu ɗaya a ƙarƙashin ƙirji, ɗaya a tallafe da gindi, a manna shi a jiki. Yarinyar da ba ta gama firamare ba ta fi su iya wannan. Mafi kyau ma ga baƙo shi ne kada ya ɗauke shi in ba dole ba. Zauna a ƙasa, shi zai zo ya shinshina ka in ya ga dama. In ya buga ƙafar baya a ƙasa, tsoro yake ji, a ja da baya.

Shirin gida ba a sayensa a shago, amma dattijon ya lissafa mini a tsaye: a ɗage wayoyin wuta da na caja, a kau da buhun gero da tabarmar da ake so, a toshe duk ramin da zai iya shiga, kada a bar shi a tsakar gida ba kowa saboda shaho. Zomo kusurwa ɗaya yake zaɓa ya yi fitsari, sai a sa masa faranti da yashi da ciyawa a nan, shara ta yi sauƙi, a garin da ake sayen ruwa da bido wannan taimako ne. A riƙa duba ƙasan jelarsa kullum, in ya jiƙe ƙuda na yin ƙwai, tsutsa ta fito cikin yini guda. Ya kuma riga ya faɗa mini abu biyu da za su tsorata baƙo: fitsarin zomo wani lokaci yakan yi ja-ja saboda ganyen da ya ci, kuma za ka gan shi yana cin wani kashi mai laushi kai tsaye daga jikinsa. Ba ƙazanta ba ce, abincinsa ne zagaye na biyu, hana shi cutarwa ce.

Ta fuskar ciniki, ba a rubuta farashi, ba a bayar da takarda, kuma kuɗin da yaron zai faɗa yakan ɗara na maigidan. Suna aiko kaya da ɗan kabu-kabu in ka biya kuɗin moto. Dattijon yana amsa saƙon murya a WhatsApp, amma sai bayan isha'i. Ranar Alhamis kada ka je neman shawara, kasuwa ta cika, mutanen ƙauye sun yi layi, ba zai samu sukunin zama da kai ba. Da hantsi a sauran ranaku ake samunsa, daga azahar yakan tafi gida ya bar yaron.

Wajen mayar da keji mun ɗan yi ja-in-ja. Yaron ya ce zomon ya gwigwiyi katakon ƙofa, zai cire jaka 2 daga ajiyata. Na ce a jira maigida. Da ya zo ya duba ya ce kejin zomo da ba a gwigwiya ba ai ba a sa zomo a ciki ba, ya ƙirgo mini jaka 10 cif. Ya kuma ce ragowar ciyawar in haɗa wa masu shi su tafi da ita, tunda cikinsa ya saba da ita yanzu, kada a yanke masa rana ɗaya.